Ƙugiyar Maƙerin Damagaram

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Labarin ya same ni da safen nan, ina riƙe da kofin shayi. 'Yata Maryam ce ta shigo da waya a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba, Marigayi ya rasu."

Na ce, "Wane marigayin?" don dai in ja lokaci. Na san wanda take nufi. Mutum ɗaya ne a duk Jidda ake kiransa Marigayi yana amsawa.

Usta Iliya ɗan Damagaram, makanike, abokina kuma yayana duk da ba ciki ɗaya muka fito ba. Ya cika bayan sallar asuba a ɗakinsa da ke unguwar Khumra.

Ni na laƙa masa sunan nan tun muna samari. Zan faɗa muku dalili, amma ku yi haƙuri da rubutuna. Karatuna aji uku ne da izu biyu, izu biyun ma malam ya ce rabi daga bakin na kusa da ni na kwasa.

A bakin tashar jirgin ruwa na fara ganinsa. Lokacin ruwan sha a kan jaki ake kai wa unguwanni, ni kuma ina kora ɗaya daga cikin jakunan. Tsakanina da jakin, shi ne ya san hanya.

Na ga wani siririn yaro, fuskarsa duk zanzanar agana, ya jingina da katangar tasha da bokiti da tsumma. Mota yake wankewa in ya samu. Amma ko yana wanki, idonsa na kan ƙofar da motoci ke fitowa.

Na ce, "Kai, wa kake jira, sarkin Masar?"

Ya ce, "Wana."

Na ce, "Yaushe zai zo?"

Ya ce, "Baɗi."

Da baɗin ta zo na sake tambaya, ya sake cewa baɗi.

A hankali na ji labarin. Wansa Habu direban wani attajiri ne a Damagaram. Attajirin ya tashi aikin hajji ya ƙi rabuwa da motarsa, baƙar mota ta Faransa. Suka keto da ita ta Cadi da Sudan, aka ɗaga ta da igiya aka sa a jirgi. Iliya ne yaron mota, mai sa dutse a bayan taya. Ya ba ni labarin ranar da ruwan injin ya tafasa a hanya, Habu ya buɗe murfin, hannunsa na hagu ya saɓule daga wuyan hannu har gwiwa. Da hannu ɗaya ya ƙarasa da su bakin teku.

Bayan an sauko daga Arfa agana ta kama Iliya, aka killace shi a asibitin masu ciwon da ake ɗauka. Jirgi kuwa ba ya jiran kowa. Habu ya zo bakin taga ya ce masa, "Kada ka bar garin nan. Da motar nan zan dawo, don ka gane ni tun daga nesa."

Iliya ba shi da fasfo nasa. A cikin na wansa aka rubuta shi, layi ɗaya a ƙasan hoto. Da Habu ya tafi, layin ya tafi da shi.

Inna Tabawa, mai ƙosai a unguwarmu ta Nuzla, ita ta ɗauko shi da aka sallame shi. Ba ta san shi ba, ta ji dai ana cewa akwai ɗan Bahaushe a bakin asibiti ba mai shi. Ta ba shi ɗakin gwangwani a bayan nata, ta riƙa shafa masa man shanu har fatar ta daina tsagewa.

Ni ma ba wata takarda gare ni ba. Babana da ƙafa ya zo daga ƙasar Katsina, yana noma a gonakin mutane a hanya. A nan Jidda aka binne cibiyata, amma ƙasar ba ta sa hannu ba. Teku a gabanmu, shingen askarawa a bayanmu. Iyakar duniyarmu ke nan, sai ko lokacin hajji da muke bin bayan duwatsu mu shiga Makka neman aiki.

To mutumin da ba shi da inda za shi, sai ya zauna ya kalli masu tafiya.

Jidda a lokacin cike take da manyan motocin Amurka, kowace kamar gida da falo. Na Faransa sai an dace. Alhazan Aljeriya da Maroko kan sauko da su daga jirgi, sai 'yan Labanan, sai ma'aikatan ofisoshin jakadanci. Iliya ya haddace su kaf. Ba ya karanta rubutun da ke jikinsu, ni ma haka, sai muka raɗa musu namu sunaye.

Ya ce, "Fara da fitila. In ka ga rawaya kamar ƙwanduwar ƙwai, daga ƙasarsu ta fito. Sannan ka duƙa ka dubi taya. Yawancinsu noti uku suke sawa."

Na ce, "Rowa ce?"

Ya ce, "Rainin hankali ne. Sun ce uku sun isa."

Akwai Agwagwa, mai rufin tamfol, in ta sha kwana sai ka rantse za ta kwanta, amma ba ta kwanciya. Akwai Keken Ɗinki, wadda injinta ba ya shan ruwa sai iska, ƙararta tak-tak-tak kamar tela na sauri ranar jajibiri. Ita ce mafi wuyar gani. Iliya na yawo da ɗan maganaɗisu a aljihu saboda ita, don tsofaffinta maganaɗisu ba ya kama jikinsu. Akwai masu zaki a goshi, su ya ce ba a yi musu tsalle, sun yi yawa.

Akwai Taguwa. Wannan in an kashe ta sai ta durƙusa har cikinta ya kusa taɓa ƙasa. In an tayar da ita sai ta ɗaga baya, sannan gaba, sak raƙumi. Ranar da na fara ganin haka na jefar da bokiti na yi a'uziyya. Iliya ya yi mini dariya har ya riƙe ciki.

Akwai wata 'yar ƙarama da wani Balabanane ya ba ni in zuba mata ruwa. Na buɗe gaba na ga wayam, sai jakar kaya. Na koma wurin Iliya a guje na ce, "An sace injin mutumin nan, kuma ni za a kama." Ya ja ni ta baya ya buɗe. Ga inji nan zaune. Ya ce, "Sani, kai da motar nan ɗaya kuke. Ku biyun hankalinku a baya yake."

Har ya kai in mota ta taso daga cikin tasha sai ya rufe ido ya faɗi sunanta kafin ta ɓullo. Ni ma nakan rufe ido. Sau da yawa barci ke ɗauke ni.

Amma duk waɗannan wasa ne. Mota ɗaya yake jira.

Ita muke kira Kofur, saboda igiya biyu da ke kan hancinta kamar na hannun kofur. Baƙa, doguwa, ƙasa-ƙasa, da tayoyin gaba take ja. Ƙofofinta na gaba ta baya suke buɗewa. Sandar giyarta daga cikin allon gaban direba ta fito kamar an soke cokali a tuwo. Tun a lokacin ta tsufa, samunta sai sa'a.

Duk shekarun nan 'yan kaɗan muka gani. In ɗaya ta fito, Iliya ba ya gudu. Zai ajiye tsumma, ya bi ta a hankali har inda ta tsaya, ya zagaya gefen hagu, ya duƙa a bayan fukafukin tayar gaba, ƙarfen nan da ya rufe ta. Ya ɗan jima. Sannan ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa.

"Ba ita ba ce."

Na sha tambayarsa me yake dubawa a wurin. Ya ce, "Ranar da na gani, ka gani."

Yanzu ga yadda ya zama Marigayi.

A Nuzla akwai abin da ake koya wa yaro tun bai iya ɗaure wando ba: in baƙo ya tambayi wani da suna, ba ka san shi ba. Ko babanka ne, ko yana tsaye a bayanka, ba ka san shi ba. Ba mugunta ba ce. An sha zuwa da mutum mai jin Hausa a sa shi gaba, ya yi sallama da daɗin baki, a nuna masa gida, washegari askarawa sun kwashe marasa takarda, gidan ba kowa. Da wannan "ban san shi ba" muka rayu.

Wata shekara ni da Iliya muka hau Makka dakon kayan alhazai. Inna Tabawa ce ta matsa masa. Ta ce ya girma, ba zai yi aure da kuɗin wankin mota ba. Bai so ba, don lokacin ne jirage ke zuwa. Ya bar sallahu wurin masu wanki 'yan'uwanmu, in baƙar Kofur ta fito su tare ta ko da jikinsu ne.

Da muka dawo suka ce ba ta fito ba. Muka wuce gida. Inna na bakin kasko, ta hango mu ta fara dariya.

Ta ce, "Iliya, zo ka zauna in ba ka labarin mutuwarka."

Muka zauna.

Ta ce, "An zo nemanka. Wani mutum da babbar riga, da askari a gefensa. Hausa tsaf a bakinsa, sunanka, sunan ubanka, duk ya sani. Kowa ya ce bai san ka ba. Bawan Allah ya ƙi haƙura, kullum sai ya dawo, gida gida. Na ga in ba kashe ka na yi ba, ba zai bar mu ba. Na ce, yaron nan mai agana? Ai tuntuni Allah ya karɓi abinsa. Har hawaye na matso masa."

Tambaya ɗaya Iliya ya yi. Ya ce, "Inna, da wace mota ya zo?"

Ta ce, "Tasi, irin manyan nan."

Ya ce, "Ta Amurka?"

Ta ce, "Ni na sani? Irin dai wadda kowa ke hawa."

Ya sauke numfashi ya ce, "To ba nawa ba ne. Allah ya saka miki, Inna."

Muka yi ta dariya. Na miƙe na yi masa ta'aziyyar kansa, na ce tunda ba shi da magaji ni zan gaji bokitin. Muka sayo wa Inna sukari da ganyen shayi. Daga ranar ya zama Marigayi. In na shigo zaure sai in ce, "Marigayi, ya kwanciyar kabari?" Ya ce, "Da sauƙi, maƙwabta ne dai irinka."

Shekaru suka tura. Ya shiga garejin wani Bahadrame, Balaraben kudancin Yaman, ya zama Usta, wato gwani. Duk mai motar Faransa a Jidda, in ta gagari kowa, wurinsa ake turo shi. Ya auri Hauwa'u, Allah ya ji ƙanta, suka haihu. Ni ma na yi aure, abin da har yau surukaina ke mamaki. Amma duk lokacin zuwan jirage sai ya rufe akwatin sifana ya koma jikin katangar nan. Ni kuma in bi shi da butar shayi.

Da matata ta yi doguwar naƙudar Maryam, ba mu da takardar da za mu nuna a asibiti. Shi ya je ya tsaya a ƙofar wani likita da yake gyara wa Taguwa, bai motsa ba sai da likitan ya ɗauko jaka ya biyo shi har Nuzla. Bai taɓa ambata wannan ba. Ni ne nake ambatawa, don Maryam ta san wa ya kamata ta yi wa kuka yau.

Wata ranar Alhamis, bayan garin ya fara cika da kuɗin mai da sababbin motocin Japan, ya ce in raka shi tashlihi, wurin da ake jibge matattun motoci a kudancin gari. Wani ƙarfe yake nema. Rana ta take, ƙasa na ƙuna ta cikin takalmi. Muna ratsa layukan gawarwakin motoci sai na hango igiya biyu a ƙarƙashin wata babbar motar Amurka da aka ɗora a kanta.

Na ce, "Kofur."

Karo na farko ke nan a rayuwata da na riga shi. Na juyo in yi masa gori, na ga ya tsaya.

Ba baƙa ba ce kuma, gishirin teku ya mai da ita ja. Ba gilashi, tayoyi sun narke sun manne da ƙasa. Ya tafi a hankali yadda ya saba. Ya zagaya hagu. Ya duƙa.

Bai miƙe ba.

Na je na duƙa kusa da shi. A bayan fukafukin akwai wata ƙugiya ta murɗaɗɗen ƙarfe, bakinta a lanƙwashe kamar kan zabo, an ɗaure ta da noti a jikin motar. Ko ni na san wannan ba aikin Bature ba ne.

Ya ce, "Ta salka ce. A nan muke rataya salkar ruwa, iska na bugunta, ruwan ya yi sanyi. Maƙerin bayan gidanmu ya ƙera ta. Ni na hura masa zugazugi."

Ya sa yatsa yana bin murɗin ƙarfen.

Ya ce, "Da idona, ta tagar asibiti, na hango an ɗaga motar nan an sa a jirgi. Ta tafi, Sani. In tana nan, dawowa ta yi."

Mai wurin, wani Bayamane mai tumbi, ya zo yana goge wuya da tawul. Muka tambaye shi. Ya ce a gwanjon tashar jirgi ya kwaso ta da wasu. An sauke su daga jirage, takardunsu ba su cika ba, aka hana su fita, masu su ba su dawo ba. Ya ce wannan kam ta daɗe, tun tana baƙa take bayan katanga.

Katangar da muke jingina da ita muna shan shayi. Shi ta waje, ita ta ciki.

Na ce, "Ashe ita ma ba iƙama gare ta ba, ba takardar zama." Ban san lokacin da maganar ta fito ba. Halina ke nan, bakina ba ya neman izini. Iliya bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya ciro sifana daga aljihu ya kwance ƙugiyar. Bayamanen ya dubi fuskarsa ya ce, "Halas, ɗauka."

Daga nan bai nufi gida ba. Ya biya kasuwa ya sayi kifi, muka wuce wurin Inna Tabawa. Ta tsufa a lokacin, ta bar ƙosai, ido ya fara tafiya. Ya zauna a bakin tabarmarta ya gaishe ta yadda ya saba.

Ya ce, "Inna, wai mutumin nan da ya zo ranar da kika kashe ni, yaya kamanninsa?"

Ta yi dariya har da tafi. Ta ce, "Kai kuma yau tsohon zance ka tuno. Dogo ne, da wushirya. Hannunsa na hagu a ƙone, fari fat har gwiwa, ina ta kallon hannun."

Ya ce, "Da kika ce na mutu, me ya ce?"

Ta ce, "Zama ya yi a ƙasa, da rigarsa mai kyau, a cikin toka. Askarin ma sai da ya kama shi. Ya ce in nuna masa kabari. Na ce a ƙasar nan ba a sa wa kabari alama. Na ce a raina, mutanen nan sun iya kwaikwayo." Ta juyo da kai wajensa. "Me ya sa ka tambaya?"

Ya ce, "Ba komai, Inna. Kifin nan a soya miki ko a dafa?"

Ta ce, "A soya, ɗan albarka. Kada Hauwa'u ta cika yaji."

Da muka fito na nemi abin dariyar da zan faɗa, na laluba ko'ina ban samu ba. Na ce, "Yaya, ba za ka gaya mata ba?" Ranar ce na fara kiransa Yaya.

Ya ce, "Matar da ta ɗauko ni daga bakin titi? Abin da ta iya ta yi. Habu kuwa an hana shi motarsa, ya ɗauki askarin tasha ya nuna masa hanya, ya hau tasi ya zo har ƙofar ɗakina. Ni kuma na tambayi mota, ban tambayi mutum ba."

Muka yi tafiya kaɗan. Ya ce, "Kuma ka ci gaba da kirana Marigayi. In ka daina za ta gane."

Na ci gaba. Inna Tabawa ta rasu tana alfahari da ranar da ta ceci Iliya. Duk Juma'a kifinta bai taɓa yankewa ba, kuma shi ya shiga kabarinta ya karɓe ta.

Za ku ce me ya sa bai tafi gida ba. Da wace takarda? Wanda ya fita ba ya dawowa, ga mata ga 'ya'ya a nan. Ya dai riƙa ba alhazan Damagaram saƙo, shekara bayan shekara, a gaya wa Habu direba ƙanensa na raye a Jidda. Habu direba kuwa sun yi yawa a duniya. Sau ɗaya amsa ta dawo. Wani tsoho ya ce ya sami gidan. Habu ya rasu. 'Ya'yansa sun ce babansu da kunnensa ya ji mutuwar ƙanensa, ya dawo ya yi sadaka, ya sa wa ɗansa sunan. Suka ce a gaya wa mai saƙon ya ji tsoron Allah ya bar wasa da sunan mamaci.

Daga nan Iliya bai ƙara ba da saƙo ba. Bai kuma ƙara zuwa bakin tasha ba.

A can an yi masa sadakar arba'in. A nan ba a rubuta yana nan ba. Haka ya zauna a tsakani har furfura ta cika masa kai.

Juma'ar da ta wuce Maryam ta kai ni wurinsa. Idonsa ya rufe gaba ɗaya. Ƙugiyar na nan a kafe a bakin ƙofa, duk inda ya koma da ita yake komawa, ya rataya gorar ruwa a jiki.

Na ce, "Marigayi, ya kwanciyar kabari?"

Ya ce, "An kusa buɗe mini sabon reshe."

Maryam ta nemo mana bidiyon tsofaffin motoci a waya. Ashe Turawa na tara su yanzu suna gogewa kamar kayan ɗakin amarya. Na riƙa kara masa wayar a kunne ina cewa, "To, Usta, wace ce?"

"Agwagwa. Wannan ko kai ka sani."

Na canza.

Ya yi murmushi. "Keken Ɗinki. Ashe akwai saura a duniya."

Na sa masa wata ta Jamus don in kama shi. Ya ce, "Sani, ka tsufa ba ka bar cuta ba."

Sannan Maryam ta sa Kofur. Ya saurara har bidiyon ya ƙare. Ya ce a sake. Aka sake.

Ya ce, "Mai tuƙin nan bai iya sa mata giya ba. Habu ba ya bari ta yi wannan kukan."

Ya sa Maryam ta ɗauki hoton ƙugiyar. Ya laluba ya kamo hannuna ya ce, "In na tafi, duk wanda ya tambaye ka, ka san ni."

Na ce, "Ni? Ban taɓa ganinka ba, bawan Allah."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Maryam na ba shi ruwa tana harara ta. Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Mutum ya ba ni wasiyya na mayar masa da shaƙiyanci.

To ga shi yanzu, Yaya.

Ba wanda ya tambaye ni, amma zan faɗa. Na san shi. Ni Sani ɗan Nuzla, da aka raina a kan in ce ban san kowa ba, na san Iliya ƙanen Habu direba. Agana ba ta kashe shi ba. Ya warke, ya girma, ya iya sana'a, ya bar 'ya'ya da jikoki a garin nan. Bai bar Jidda ba don an ce masa kada ya bari. Kuma ya san wansa ya cika alkawari, ya san ya zo da motar.

Hoton da ke ƙasan rubutun nan ƙugiyar ce. Mutanen Damagaram, ku duba da kyau. In akwai tsohon maƙeri a unguwarku ku nuna masa, zai san hannun gidan da ya murɗa ta. In akwai wani Iliya ɗan Habu, wanda babansa ke da ƙonannen hannu, ɗana, ba wasa muke da sunan mamaci ba. Ba abin da muke nema a wurinku. Kana da 'yan'uwa a nan, kuma mai sunanka yau ne ya rasu, ba wancan lokacin ba.

Ku yi share, don Allah. Ni ban san yadda ake yi ba, Maryam ta ce ku kun sani.

Za a yi masa salla bayan la'asar. A ƙasar nan ba a sa wa kabari alama, amma zan tsaya in ga wurin da idona, ko wani zai zo ya tambaya.

Allah ka gafarta wa Iliya, ka yalwata masa makwanci, shi da bai taɓa samun wuri mai faɗi ba a duniya. Allah ka ji ƙan Habu. Allah ka ji ƙan Inna Tabawa, ka duba niyyarta. Ka haɗa su ukun a inda ba a tambayar takarda, inda ba mai cewa bai san wani ba.

Wanda duk ya karanta har nan, ko ba ka taɓa jin sunansa ba sai yau, yanzu ka san shi. Ka ɗaga hannu ka sa shi a addu'a.